Hauwa Biyu a Manhajar Yaya Nasiru

Wannan babin na daɗe ina zagaye shi. Na rubuta muku yarintata, na rubuta zuwana jami'a da irin sintirin da mahaifinku ya yi a ƙofar gidanmu, amma duk sanda na iso shekarar nan sai in ce gobe. Abin da ya sa na daina jinkiri shi ne maganar da autarku ta kawo mini daga gidan biki, wai ta ji mata suna cewa ni ce na karya Kawunku Nasiru, na kunyata shi gaban bare har ya bar Ibadan. Ba zan ce ƙarya zalla suke yi ba. Akwai gaskiya a ciki gwargwado. Sai dai ina so ku ji daga bakina tukuna, sannan ku auna. Kuma ku sani tun yanzu, ba haƙuri na zo bayarwa ba.

Yaya Nasiru, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya buɗe ɗan kamfanin rubuta manhaja a saman wani shagon taya a Mokola. Mu uku ne a ciki: shi, da abokinsa Kunle, Bayaraben da ya tashi a bakin Sabo, unguwarmu ta Hausawa, har Hausa ta zauna a bakinsa, sai ni. Karatun kwamfuta na yi kamar yadda Yaya ya yi, kuma na iya rubutun ba laifi. Amma ni mutum ce da za ta kulle ƙofa, ta kai bakin titi, ta dawo ta murɗa kwaɗon ta gani. Yaya ya san haka, shi ya sa ya ce in riƙe gwaji. Aikin mai gwaji kuwa shi ne ta zauna da abin da aka gina, ta yi ta neman inda zai ɓalle kafin ya ɓalle a hannun jama'a. Mai ginin yakan bi titin da ya shimfiɗa da kansa, ya ga ko'ina sumul. Ni kuma lunguna nake bi. In an ce a sa suna sai in bar wurin fayau, don jariri ba ya da suna sai ranar bakwai. In an ce a danna sau ɗaya sai in danna sau biyu, kamar yadda Innarmu take yi wa waya idan ta ga ba ta amsa da wuri ba. Ina cikin tura abu sai in katse intanet, tunda a garin nan katsewa ba baƙuwa ba ce.

Ban san ko duk masu rubuta manhaja haka suke ba, don kaɗan na zauna da su, amma waɗanda na sani fuska biyu gare su game da mai gwaji. Suna son ta kamar yadda ake son mai ɗori, kuma ba sa son ganin ta nufo su. Kunle da wasa yake ɗaukar nasa. Da ya ji na jawo kujera sai ya rungume kwamfutarsa.

"Oya, kowa ya ɓoye ɗansa, Anti Ummi ta fito farauta!"

"Ɗan naka ɗingishi yake yi, Kunle."

"Da safe lafiya lau na bar shi. Ke kika taka masa ƙafa, abi?"

Zai yi ta mita da Yarbanci, ya dafe kai, ya ce wane mahaukaci ne zai yi abin da na yi, sannan ya gyara, ya aika a sayo mini gasasshiyar masara. Yaya ba haka yake ba. Shi idan na nuna masa matsala sai kunnuwansa su motsa, ya ce, "A wurina tana aiki." In na maimaita a gabansa ya gani, sai ya ce babu mai hankalin da zai bi ta nan. Daga baya zai gyara, kuma gyaransa ya fi na kowa kyau, amma ranar ba zai ci abinci kusa da ni ba. A lokacin ina ɗauka girman kai ne. Yanzu ina jin wataƙila ba shi ba ne kaɗai. Mutum ya yi watanni yana ɗora abu, ya san kowane bulo, sai wata ta zo cikin ɗan lokaci ta zare guda ɗaya ginin ya karkace, kuma watan ƙanwarsa ce da ya goya. Ban ce da daɗi ba.

A shekarar da nake ba ku labari muka sami aikin da ya fi duk wanda muka taɓa samu. Wata likita, dattijuwa Bayarabiya mai asibitin kanta a Mokola, inda rabin matan Sabo suke zuwa awo, ta so a mayar da bayanan marasa lafiyarta cikin kwamfuta. Babban abin da ya dame ta shi ne mutanenmu da ɓatar da kati. Mace za ta zo yau ta buɗe kati, ta dawo bayan damina ta ce ya ɓata, a buɗe mata sabo, har a sami mutum ɗaya da tarihi kashi-kashi. Ta ce tana so manhajar ta riƙa gane mutum da kanta ta haɗe bayanansa wuri guda. Yaya ya yi tunani mai kyau, ba zan rage masa ba. Ya san yawancin matanmu ba su riƙe rana da watan haihuwa ba, sai ya jingine su, ya tsaya a kan abu uku: suna, shekarar haihuwa, da lambar waya. Idan ukun nan suka zo ɗaya, manhajar ta ɗauka mutum ɗaya ne, ta haɗe, ta bar bayanin da ya fi sabunta a sama. A kan wannan ya ɗora komai, saƙon tunatarwa da sakamakon gwajin jini da ɗakin magani.

Na gwada ta da sunayen ƙirƙira na tsawon makonni, tana tafiya daidai. Ana saura kwanaki kaɗan mu miƙa aiki, wata Juma'a da rana maza sun tafi masallaci, na gaji da ƙirƙirar sunaye, sai na ce bari in zuba mutanen gidanmu. Kun san gidan, amma ba ku san shi yadda yake a da ba, lokacin da Baffa Alhaji, wan mahaifinmu, yake riƙe da shi, zaure cike da huhunan goro da baƙin fatake. Duk macen gidan da za ta asibiti lambar Baffa take bayarwa, ko tana da waya ko ba ta da ita, don shi ne mai gida, shi ake nema idan wani abu ya taso. Duk jikokin gidan kuma sunan kakanmu Garba muke sawa a baya. Na shigar da Inna. Na shigar da matar Baffa. Na shigar da Mami, 'yar Baffa, na rubuta a wurin gargaɗi cewa jikinta ba ya karɓar wani maganin zazzaɓi. Sannan na shigar da kaina. Da na koma neman Mami, babu ita. Ni kaɗai ce a wurin, kuma gurbin gargaɗin fari fat.

Sai da na daɗe ina kallon allon kafin na gane. Ku Ummi kuka san ni da shi, ita kuma Mami, amma ni da ita duk Hauwa ne sunanmu na yanka. Babanmu da Baffa kowa ya sa wa 'yarsa sunan mahaifiyarsu, a shekara guda, sai aka sakaya mana da Ummi da Mami tunda ba mai iya kiran sunan uwarsa a tsakar gida. A asibiti kuwa ba a karɓar sunan sakayawa. Hauwa Garba biyu, shekara ɗaya, lambar Baffa. Ina yarinya na ga abin da maganin nan ya yi wa Mami. Fatarta ta riƙa saɓulewa, bakinta ya kumbura, aka cire rai da ita. Kuma wane gida ne a Sabo babu takwarori? Na sake gwadawa, na sake, ina fatan ni ce na yi kuskure. Ina yawan fatan haka. Ba ni ba ce.

Da suka dawo na nuna musu. Kunle ya ajiye ledar abincinsa, karo na farko bai yi wasa ba. Yaya ya tsaya a bayana har na gama.

"Gida nawa ne haka?" ya ce.

"Ban sani ba, Yaya. Na dai san namu."

"Kin ga ni. Namu. Sai ki ɗauko abin da sai an tona Sabo kaf kafin a samu, ki aza mini a ka ana gobe sallah."

"Ban tona ba. Gida ɗaya na shiga, na farko."

Kunle ya ce, "Nasiru, wannan ba ƙaramin ƙwaro ba ne o. Kura ce."

Na ce a kashe haɗewar kawai mu miƙa sauran. Yaya ya ce haɗewar ce ginshiƙin, in an zare ta komai zai zube, gyaran gaske kuma sai an yi makonni. Na ce to mu je mu gaya wa likita ta ƙara mana lokaci. Ya ce akwai wani kamfani daga Legas da yake ta zarya wurinta, ranar da muka nemi ƙari ranar za su shiga. Shawararsa ita ce mu miƙa yadda take, ya gyara a hankali daga baya ba tare da kowa ya ji ba. Ya ce kafin Hauwa biyu su haɗu a asibitin nan ya gama. Mai yiwuwa da ya gama ɗin. Na sha juya wannan a raina, kuma har yau ba zan iya rantsuwa cewa da wani ya cutu ba. Abin da na ce masa dai shi ne:

"Ni ba zan je in kai ƙararka ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan ce ta yi ba."

"Ba za ta tambaye ki ba," ya ce. "Wa yake tambayar mai gwaji?"

Kafin la'asar ɗin washegari maganar ta isa wurin Inna. Ta aika a kira ni daga gidan mahaifinku. Na same ta a tsakar gida tana murza alkakin da take sayarwa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ummi, me ya haɗa ki da ɗan'uwanki?"

Na fara yi mata bayanin takwarori da lambar Baffa. Ta katse ni.

"Ni ban san kwamfuta ba. Na san dai yaron nan tun rasuwar ubanku bai huta ba. Yanzu Allah ya buɗa masa ƙofa, sai ke za ki tsaya a bakinta?"

"Inna, da Mami ce ta je aka ba ta maganin nan fa?"

"Mami ba ta da baki ne? Ba za ta ce ba ta sha ba?"

"In an kai ta a sume fa?"

Hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwaryar. Na ɗauka na ci nasara. Sai ta ce, "Allah ya kiyaye. Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Ki ji ni da kyau, cikin gida ba a buɗe shi a kasuwa. In matar nan ta tambaye ki, ki ce Yayanki zai amsa. Ba ƙarya kika yi ba."

Mami tana bakin rijiya tana wanki, duk ta ji. Ta ɗaga murya ta ce, "Takwara, ni dai in za a haɗe mu, a haɗa har da digirin, kar a bar ni da saɓular fata kaɗai." Aka yi dariya, har Inna. Ni ban iya ba. Da na koma gida na gaya wa mahaifinku, shi da bai san komai a harkar ba sai albasarsa ta kasuwar Shasha. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ba zai shiga tsakanin wa da ƙanwa ba, amma in na yanke shawara in yanke wadda zan iya cin tuwo bayanta, don ya san ni, abin da bai kai wannan ba ma yana hana ni cin abinci.

Ranar miƙa aiki Yaya ya so in zauna a ofis, amma likitar ta ce sai na zo, tunda ni na koya wa ma'aikatanta amfani da manhajar. An yi ruwa da safe, muka shiga asibitin da laka a takalma. Yaya ya nuna aikinsa, kuma wallahi ya yi kyau. Ya buɗe wa mace ɗaya kati biyu, manhajar ta haɗe su nan take, ma'aikatan jinya suka yi tafi. Ina zaune a baya ina addu'ar kar ta waiwayo. Ku gane wannan, don masu ba da labarin suna yi kamar da ɗamara na je. Na shirya jimlar Inna a bakina, ina ta nanata ta. Sai likitar ta cire tabarau, ta juyo.

"'Yata, ke ce mai nemo laifi. Ta yi? In sa marasa lafiyata a ciki?"

Da cewa ta yi ko aikin ya yi kyau, ina jin da na ce ya yi. Da cewa ta yi ko an gama, da na ce Yaya zai amsa. Amma marasa lafiyarta ta ce. Na ji bakina ya ce:

"Ba ta yi ba tukuna, Mama."

Ta ce in nuna mata. Na tashi na shigar da Hauwa biyu a gabansu, ta farko da gargaɗinta, ta biyu ba komai, kowa ya ga gargaɗin ya ɓace. Babbar ma'aikaciyar jinyar ta dafe ƙirji ta ambaci sunan wani gida a Sabo da take da irinsu har uku. Sannan likitar ta tambaye ni yaushe na gano, na faɗa mata. Ta ce, "Ya sani?" Wannan ce tambayar da ban shirya mata ba. Na dubi Yaya. Shi ya amsa, tsaye, ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

"Na sani, Mama. Niyyata in gyara daga baya."

Ku riƙe masa wannan. Zai iya cewa bai gane girman abin ba, Kunle ba zai ƙaryata shi ba, ni ma ban san me zan yi ba. Bai yi haka ba. Likitar ta ce kuskure ba ya ba ta tsoro, ta shekara da shekaru tana ganinsa, har a hannunta. Abin da ba za ta iya ba shi ne aiki da wanda ya gani ya rufe. Ta gode mana, ta raka mu har bakin ƙofa. Aikin ya tafi wurin mutanen Legas.

Kamfanin bai kai ƙarshen shekarar ba. Labari ya zaga, kuma a Sabo labari ba ya zagawa da ƙafafunsa duka. Abin da ya isa zaurukan shi ne ƙanwa ta tsaya gaban Bayarabiya ta ce aikin wanta banza ne. Ba wanda ya ji zancen Hauwa biyu, wanda ya ji ma bai ga abin tashin hankali ba, tunda ba wanda ya mutu. Nan ne wahalar aikina take. Wanda ya kashe gobara ana ganinsa, har a yi masa addu'a. Wanda ya hana ta tashi ba shi da ko toka da zai nuna. Inna ta yi watanni tana amsa gaisuwata da baki ɗaya, in na aika abinci ta ba yara. Kunle ya zo har gida ya yi mini sallama kafin ya koma wani kamfani, ya ce da shi ne da ya yi shiru, kuma da ya yi ta jin kunyar shirun, don haka bai san wa ya fi wani ba. Ni kuma na zauna ba aiki na wani lokaci mai tsawo, ina ta bin maganar a kaina kamar yadda nake bin manhaja, ina neman inda na ɓalle. Na sami wurare da dama da zan iya tausasa murya. Ban sami inda zan canja amsa ba.

Da Yaya ya sami aiki a Kaduna ba shi ya gaya mini ba, Mami ce. Na je tashar motar Arewa ranar tafiyarsa ba tare da an gayyace ni ba. Na same shi ana ɗaure masa kaya a bayan mota. Ya gan ni, ya kau da kai, sannan ya juyo.

"Motar kika zo gwadawa?"

"Rakiya na zo, Yaya."

"Duba tayoyin mana. Ƙila akwai wadda ba ta yi ba tukuna."

Ya tsaya yana kallon masu ɗaurin kaya, sai can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba asibitin ba ne. Ni na goya Mami zuwa bakin titi ranar da maganin nan ya kama ta. Ni. Na san sunanki, na san nata, lambar Baffa na haddace ta. Na zauna na yi watanni ina rubuta abin nan, ko sau ɗaya ba ku faɗo mini a rai ba. Ke kuma rana ɗaya, da wasa."

"Ba da wasa ba. Kuma ai don haka ake ɗaukar mai gwaji, Yaya. Ba mai ganin ƙeyarsa."

"Mai gwaji na ɗauka," ya ce. "Ban ɗauki mai shaida ba."

Direba ya yi kira. Ya shiga ya zauna, na miƙa masa ƙullin alkakin da Inna ta yi masa ta manta a zaure, ya karɓa ta taga. Bai ce na gode ba, bai kuma mayar ba.

To, abin da ya faru ke nan, iyakar abin da na riƙe. Ban ce Kawunku mugu ba ne, kuma duk wanda ya faɗa a gabanku ku tashi ku bar wurin. Mutum ne da ya gina abu mai kyau, ya ji tsoron rasa shi. Ni ma tsoron na ji, har ya fi nasa, sai dai nawa ya fuskanci wani wajen. Matan da suke cewa na karya shi, yawancinsu a asibitin nan suka haihu, wasunsu da takwarorinsu a ɗaki ɗaya suke kwana. Ba na jiran godiyarsu. Amma ba zan sunkuyar musu da kai ba, ku ma kada ku sunkuyar.

Kun san yadda muke da shi yanzu. Yana kira ranar Sallah, ya gaisa da mahaifinku, ya bi ku ɗaya bayan ɗaya yana tambayar karatu, a ƙarshe ya ce a gaishe ni. Ina amsawa daga inda nake zaune. Ranar da ya ce a ba ni wayar, da hannu biyu zan karɓa, in gaishe shi gaisuwar ƙanwa, in tambaye shi iyali da ciwon bayansa. Na ƙosa ranar ta zo. Amma idan a cikin hirar ya tambaye ni ko manhajar nan ta yi, ba ta yi ba.